Leɓen da ya tsage a hunturu: lamarin wani ɗan badujala a Birnin Kebbi

## Asalin yaron da kayan da ya tarar

Yaron ɗan wani gari ne a ƙasar Argungu, kuma gidansu gidan busa ne. Mahaifinsa mai algaita ne, yana bin hakimin garinsu duk inda za shi, hawan Sallah ko naɗin sarauta ko tarbar baƙi. Tun yana ɗan shekara tara aka fara miƙa masa algaita. Kafin ya kai goma sha biyu ya iya abin da ake gane mai algaita da shi: ya cika kumatu da iska, ya riƙa tura ta da ƙarfin kumatun yana shaƙar wata ta hanci, sautin bai yanke ba.

A Satumban 2022 ya shiga aji huɗu na sakandare a wata makarantar kwana a Birnin Kebbi. Ni malami ne a can, kuma littafin badujala a hannuna yake: sunayen yara, kayan da kowa ya ɗauka, ranakun atisaye, da wanda ya yi fashi. Wani malami daban ne ke koyar da busa da kiɗa. Daga littafin nan da abin da na gani na haɗa wannan bayani.

Da begila ya fara, kamar kowane sabon shiga. Begila ba ta da bawul, wato maɓallan da ake dannawa da yatsu don sauya sauti, sauti biyar ake nema a cikinta, kuma cikin makonni kaɗan ya fitar da su. A farkon 2023 aka ba shi tarampet, kahon nan mai bawul uku. Abin da ya sa aka yi saurin ɗaga shi numfashinsa ne. Sauran yara kan yanke su shaƙi iska a tsakiyar layi, shi kuwa sai ya wuce.

Kahon da aka ba shi ba shi da sunan kamfani. Bakin kahon, wato ɗan ƙarfen da ake zurawa a kai a ɗora wa leɓe, an buga masa lamba 7C, amma shi ma babu sunan maƙera. Farin ruwan da aka shafe shi da shi ya goge a zoben da ke taɓa leɓe har tagullar ta leƙo, kuma akwai wata 'yar karta a gefe, alamar ya sha faɗuwa a siminti. A lokacin kahonni sun fi bakunan yawa a sito, saboda haka yaro ya gama busa ya goge da riga ya miƙa wa wani.

## Oktoba 2023 zuwa Janairu 2024: farkon matsalar

Bayan faretin 1 ga Oktoba aka naɗa shi jagoran masu kaho, shi ke ɗaukar muryar sama. Atisaye kuwa Litinin zuwa Alhamis ne, daga bayan La'asar zuwa kusan Magariba, wajen awa biyu, mafi yawansa ana tafiya a fili ana busa.

Kaho ba shi da wani abu mai kaɗawa a cikinsa. Leɓen mai busa ne ke buɗewa yana rufewa cikin ƙoƙon bakin kaho, bututun mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi ya ɗauki wannan kaɗawa ya mai da ita amo. A tarampet da aka saba da shi, a sunayen sautuka na do-re-mi, do na ƙasa yana nufin leɓe ya kaɗa sau 233 a daƙiƙa guda, do na tsakiya sau 466, do na ƙoli sau 932. Leɓen sama ne ke yin mafi yawan aikin, kuma 'yar tsokar da ta kewaye baki ita ke riƙe shi.

A Oktoba yaron yana kai so na sama, wanda ke tsakanin do na tsakiya da na ƙoli, kuma yana iya busa ta minti 40 kafin ya gaji. A tsakiyar Nuwamba, da iskar hunturu ta fara, sai aka fara jin huci a gefen sautinsa. Zoben bakin kahon yana barin jan shati a leɓensa na sama, shatin kan wuce awa guda bai ɓace ba. A Disamba ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi suka fito daidai inda ƙarfen ke zama, wani lokaci kuma sauti biyu ke fita tare, ɗaya yana gurnani a ƙarƙashin ɗaya.

Hutun ƙarshen shekara ya ɗan lafa abin. Mako biyu da dawowa, a tsakiyar Janairu, leɓen ya tsage a tsakiya, inda jan nama ya haɗu da fata. Na ga jini a cikin ƙoƙon da ya ajiye kan benci. A wannan mako minti goma kawai yake iya busa, kuma ba ya wuce do na tsakiya.

## Janairu zuwa Fabrairu: maganin gida

Abin da aka fara yi shi ne abin da kowa ke yi wa leɓen hunturu. Ya shafa man zafi mai mantaleta, ya gasa da ruwan ɗumi da gishiri. Man zafin yana sa ya daina jin ciwo na ɗan lokaci, sai ya koma fili ya ci gaba, da safe kuma leɓen ya fi jiya bushewa.

Malamin badujala ya ce masa leɓe sai ya yi kanta, kowa da haka ya wuce, ya daure. Aka ƙara masa atisayen Asabar shi kaɗai. Don gudun tsagar, yaron da kansa ya zame bakin kahon ƙasa, zoben ya koma zaune kan jan naman leɓen sama, daga baya kuma ya karkata shi zuwa dama. Ciwo ya zama wuri biyu.

Da mahaifinsa ya zo ziyara, wani ɗalibi ya ce ai cika kumatun da yake yi ne ya jawo. Dattijon ya ce, "Mu haka munka gada. Mai busa in bai cika kumci ba, da mi zai busa?" Yara suka goyi bayansa, har wani ya nuna a waya hoton Dizzy Gillespie, Ba'amurken nan mai busa tarampet da ya rasu a 1993, kumatunsa a cike har wuya. Wasu kuma suka ce wushiryarsa ce ke zubar da iska. Aka tashi ba a canza komai ba.

## Fabrairu zuwa Maris: neman sabon bakin kaho

Daga nan hankalin kowa ya koma kan ƙarfen. Wani ɗan kasuwa a Legas da ke tallar kayan busa ta WhatsApp ya ce yana da baki na musamman na hawa sama. Yayan yaron ya tura kuɗi, aka aiko da shi ta mota a farkon Fabrairu.

Sai an san yadda ake karanta lambobin nan kafin a gane abin da aka sayo. Bakin kaho yana da zobe inda leɓe ke zama, da ƙoƙo, da ɗan maƙoshi a gindin ƙoƙon, sai jela mai shiga kaho. Lambobin da aka fi sani na Vincent Bach ne, haifaffen Ostiriya da ya fara ƙera bakunan kaho a New York a 1918. A tsarinsa, yawan lamba ƙanƙantar zobe: a takardar kamfanin faɗin 1½C milimita 17.00 ne, 3C 16.30, 5C 16.25, 7C 16.20, 10½C kuma 15.90. Harafin yana nuna zurfin ƙoƙo, A mai zurfi ƙwarai, C matsakaici, E da F marasa zurfi. Maƙoshin da aka saba milimita 3.66 ne. Amma ba kowa ke bin wannan tsari ba. A wajen kamfanonin Yamaha da Schilke yawan lamba yawan faɗi, kuma A a lambar Schilke ƙoƙo mara zurfi ne, akasin na Bach. Sannan duk wani maƙeri yana iya buga 7C a jikin ƙarfensa ba tare da awon ya yi daidai ba. Tsakanin 7C da 3C kashi ɗaya cikin goma na milimita ne a takarda, amma leɓe yana jin bambancin, domin kaifin zoben da siffar ƙoƙon su ma sun bambanta.

Wanda aka aiko kwaikwayo ne na wani sanannen baki na Schilke mai lamba 14A4a, babu suna a jikinsa, farin ruwansa irin na tsohon. Na asalin an yi shi ne don ƙwararru masu busa muryar sama, waɗanda leɓensu ya riga ya zauna. Mara zurfi ne, yana sa amo ya yi kaifi.

Kwana goma na farko kowa ya yi murna. So na sama ya dawo, har rannan ya taɓa do na ƙoli, yara suka yi ta shewa. A mako na uku sai sautin ya fara yankewa tsaf a tsakiyar busa, iska na shiga amma babu amo. Leɓensa mai kauri ne, ga kumburi, in ya danna sai naman ya cika ƙoƙon ya taɓa gindinsa, ya rasa wurin kaɗawa. Sautukan ƙasa kuma suka zama siraran gaske. Tsagar ta sake buɗewa.

Sai aka juya ɗaya gefen. Wani mai busa a badujalar coci ya ce mai kaurin leɓe babban baki yake so, ya ara masa 1½C na gaske mai ruwan azurfa. Ya yi amfani da shi mako guda. Amon ƙasa ya cika ya yi daɗi, amma cikin minti biyar gefen bakinsa ke saki, saboda faɗin zobe yana nufin ƙarin naman da tsoka za ta riƙe, tsokar kuwa ta riga ta gaji. Aka mayar wa mai shi. Abu ɗaya aka rubuta a littafi a makon nan ba a kula da shi ba: ƙurajen sun ragu.

## 11 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu: azumi

An saba dakatar da atisaye a watan azumi, a 2024 ma aka yi haka. Wata guda yaron bai taɓa kaho ba. A ciki ne aka kai shi asibiti, likita ya duba, ya sa shi ya tsuke baki ya hura, ya lalubi leɓen ciki da waje. Ya ce bai ga alamar tsoka ta yage ba. Ƙurajen kuwa, ganin sun bi da'irar zobe ba su wuce ta ba, ya ce sun yi kama da na fatar da ba ta shiri da wani ƙarfe. Nikel, wanda ake shafe kayan araha da shi, yana cikin ƙarafan da suka fi jawo wannan. Ya hana man zafi, ya ce a shafa basilin ko man kaɗe, a sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da sahur.

Kafin Sallah, wadda ta kama 10 ga Afrilu, tsagar ta haɗe, ta bar ɗan farin tabo, ƙuraje sun ɓace. Da aka koma makaranta ya ɗauki tsohon kahon da bakin da aka sayo, ya shiga atisaye na awa biyu tun ranar farko. Kwana biyu ƙuraje suka dawo, a kwana na shida tabon ya yi ja ya kumbura.

## Ƙarshen Afrilu zuwa Yuni: zuwan Saje

Akwai wani dattijo a unguwar da ke bayan makaranta, tsohon sajan badujalar 'yan sanda, ya yi ritaya. Shugaban makaranta ya roƙe shi ya zo ya duba yaron. Ya zo da La'asar da ɗan madubin babur a aljihu.

Bai tambayi lambar bakin kaho ba. Ya ce, "Ɗana, busa mini do na ƙasa, a hankali, kamar akwai jariri yana barci." Sautin ya ƙi fita sai da yaron ya ƙara ƙarfi. Ya ce ya hau so. Muna kallo kumatu suka cika, ƙaramin yatsan dama ya ja ƙugiyar da ke kan bututu, hannun hagu ya ƙanƙame, kaho ya nutse cikin leɓe. Saje ya karɓi kahon, ya shimfiɗa shi a tafin hannun yaron ba riƙo, ya ce ya busa. Ko do na ƙasa bai fito ba, kahon sai zamewa yake.

Da aka gaya masa gidansu gidan algaita ne sai ya gyaɗa kai. Bayanin da ya yi mana shi ne, a algaita ɗan karan da ke kaɗawa yana can cikin baki gaba ɗaya, leɓe kuwa manne yake da faifan da ke gindin karan. Aikin leɓe a can toshe iska ne, dannawa ba ta rage komai, kumatu kuma rumbun iska ne. A kaho leɓen shi ne karan. "Leɓe kamar fatar ganga yake," in ji shi, "in ka danne ta da tafi, duka nawa za ka yi ta yi amo?" In kumatu suka cika, suna janye gefen baki, ramin da ke tsakanin leɓɓa ya buɗe, sai mai busa ya rufe shi da ƙarfin hannu, yana matse nama tsakanin ƙarfe da haƙori. Sauti yana hawa ta haka, amma jini ba ya gudana a wurin, sai kumburi, kumburi kuma ya sa a ƙara dannawa.

Ya shiga sito ya fito da wani tsohon konet da ya yi ƙura. Konet da tarampet tsawon bututunsu ɗaya, yatsu ɗaya, amma na konet ya fi buɗewa sannu a hankali kuma an naɗe shi gajere, saboda haka amonsa ya fi laushi, nauyinsa kuma yana kusa da fuska. Bakinsa yana nan a akwatin, mai zurfi kamar mazurari, ruwan azurfarsa bai goge ba. Aka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu. Akwai wata fa'ida da Saje ya faɗa mini a gefe: jelar bakin tarampet ta fi ramin konet kauri, don haka ko yaron ya so komawa ga wanda aka sayo a ɓoye, ba zai shiga ba.

Aka ba shi hutun kwana goma har jan ya sauka, sannan aka fara tsari. Sau uku a rana, minti goma-goma, a zaune cikin sito, madubi a jingine kan akwatin ganga. Duk layin da ya busa sai ya huta daidai tsawonsa, kahon a cinya. Ya haɗa leɓɓa kamar zai ce "m", gefen baki ya manne da haƙora, haɓa ta miƙe, zobe ya koma tsakiya ya zauna kan fata sama da jan nama. Ƙaramin yatsa ya fita daga ƙugiya ya hau samanta. Makonni biyu na farko daga do na ƙasa zuwa so kawai, dogayen sautuka a hankali, farawa da iska ba tare da bugun harshe ba. Daga mako na uku aka shigo da sauya sauti ba a taɓa bawul ba, do, so, do, da ɗaga bayan harshe daga "aa" zuwa "ii" don iska ta ƙara gudu. Ba a ƙara sabon sauti sai na ƙasansa ya fito a hankali kwana uku a jere.

Wannan lokaci shi ya fi wa yaron ciwo a rai. Da aka hana kumatu, amonsa ya koma na ɗan koyo, siriri mai rawa, ƙananan yara suna leƙe ta taga. Ya yi fashi sau biyu. Da ya dawo ya ce, "Baba Saje, da na fi haka iyawa." Saje ya ce, "Da hannunka ke busa. Yanzu muke koya wa leɓen." Gaskiya na tausaya masa, don yaron da aka saba tafa wa ne aka mayar bayan kowa. Ranar yara, 27 ga Mayu, babbar ganga ya ɗauka.

Kwana biyu bayan haka, 29 ga Mayu 2024, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar komawa ga tsohon taken ƙasa, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Dole badujala ta koyi taken cikin gaggawa, malamin ya nemi a dawo masa da jagoransa. Saje ya ƙi. Aka yi ta kai da kawo, aka tsaya a kan yaron ya busa murya ta biyu da konet, a tsaye wuri ɗaya, kuma ya fita daga atisaye bayan minti 20.

A ƙarshen Yuni yana fitar da mi na sama a hankali, shatin zobe yana ɓacewa cikin 'yan mintoci, ƙuraje ba su dawo ba.

## Babbar Sallah da dogon hutu: batun algaita

Da Babbar Sallah, 16 ga Yuni, ya je gida ya bi mahaifinsa hawa, ya busa algaita kwana biyu. Da ya dawo kumatu suna cika da kansu in ya ɗauki konet, amma leɓen lafiya lau, kuma cikin kwana uku gaban madubi abin ya koma daidai. Ganin haka Saje bai hana shi algaita ba. Ya ce kada a haɗa su a zama ɗaya, konet da safe, algaita da yamma. Mahaifin da ya ji ba za a raba ɗansa da gadon gida ba, shi da kansa ya riƙa tashinsa busar safe a lokacin dogon hutu. An ƙara zaman zuwa minti 15, daga baya 20.

## Satumba: zaɓen bakin kaho

Sai da so na sama ya dawo a konet, yana fita a hankali ba danna, sannan Saje ya yarda a koma tarampet a yi maganar baki. Ya aro guda uku na gaske masu ruwan azurfa, 7C da 5C da 3C, ya rufe lambobin da salatif, ya sa musu alama da biro. An gwada a ranaku uku daban, kowace rana sau biyu, da leɓe sabo da kuma bayan rabin awa na busa. Abu ɗaya ake busawa da kowanne: dogon do a hankali, sauya sauti ba bawul, bugun harshe, sai taken ƙasa. Saje yana tsayawa can ƙarshen fili yana saurare, don abin da mai busa ke ji a bayan kaho daban yake da abin da ke isa wurin jama'a.

Da 7C amo ya fita tsaf, amma yaron ya ce gefen zoben na ciki yana cizon tabonsa. Da 3C sama ta fi sauƙi a farko, bayan rabin awa kuma huci ya shigo. Da 5C babu abin da ya yi fice, babu kuma abin da ya lalace bayan rabin awa. Dukan ranakun uku shi yaron ya nuna, shi ma Saje shi ya nuna daga nesa. Aka sayo masa nasa na kansa, da sharaɗin ba ya ara wa kowa, ba ya canza shi har zangon karatu ya ƙare, ko da wata rana ya ji kamar ba ya yi.

## Oktoba 2024 zuwa Janairu 2025: inda aka kai

A faretin makaranta na 1 ga Oktoba ya busa muryar sama, shi da wani yaro suna karɓeɓeniya. Ya gama ba kumburi. Hunturu ya zo, wanda shi muke jira mu gani. Yana shafa man kaɗe da dare da bayan busa, yana gogewa kafin ya ɗauki kaho don kada zobe ya riƙa zamewa, ya daina lasar leɓe. Har ƙarshen Janairu leɓen bai tsage ba. Yana busa minti 45 da hutu a tsakani, so na sama a hannunsa yake, kuma dogon numfashin nan yana nan, yanzu daga ƙirji da ciki yake fitowa.

## Abin da ya jawo, da abin da ya yi magani

A ganina tushen ciwon dannawa ce, dannawar kuma daga algaita ta biyo shi. Ba aibin algaita ba ne. Abin da yake daidai a can ne ya zama cuta a nan, kuma da an dube shi minti biyar a makon da aka miƙa masa begila da an gani. Ƙarfin numfashinsa ya rufe matsalar shekara guda, domin duk wanda ya ji shi daga nesa sai ya ce ya iya. Gillespie da yara suka kafa hujja da shi mutum ɗaya ne da ya samo hanyarsa, ba a ɗora ɗan koyo a kanta. Wushirya kuwa ba ta da laifi ko kaɗan, da ita yake busa yau.

Atisayen awa biyu ba hutu shi ya mai da kuskuren ya zama rauni, hunturu ya ƙarasa. Maganar leɓe ya yi kanta ita ce shawarar da ta fi kowace cutarwa, don nama mai tauri ba ya kaɗawa da kyau, kuma busa a kan tsaga ba jarumtaka ba ce. Freddie Hubbard, ɗaya daga manyan masu tarampet na Amurka, ya ci gaba da busa a kan leɓen da ya fashe a 1992, wurin ya ruɓe, bai sake komawa yadda yake ba har ya rasu a 2008. Yaronmu ya tsira ne saboda azumi ya tilasta hutu kafin tsoka ta taɓu. Amma hutun shi kaɗai bai isa ba, kwana shida suka nuna haka.

Bakin kaho yana da nasa laifin, sai dai ba inda aka nema ba. Ƙarfen da ruwansa ya goge da kartar da ke zobe su suka kawo ƙuraje suka kuma taimaki tsaga. Hujja ita ce ƙurajen sun ragu a makon da ya riƙe mai azurfa, sun ɓace da azumi, sun dawo da komawa wanda aka sayo, ba su sake fitowa ba tun da aka koma azurfa. Girman kuwa, mara zurfi ya ba shi sama na kwana goma ya karɓe, babba ya ba shi ƙasa ya hana shi daɗewa, dukansu an gwada su a kan kumburarren leɓe, kuma kumburarren leɓe ba ya faɗin gaskiya game da awo. Ba na jin 5C yana da wani sirri. Da wani yaro ne mai wasu haƙora, wataƙila 7C zai nuna. Konet ma ba magani ba ne a kan kansa, ya taimaka ne don ba ya saka wa mai ƙarfi da kaifin amo, sai yaron ya daina neman sa.

Akwai abin da bai warware ba. Do na ƙoli yana fita wata rana, wata rana ya ƙi, kuma Saje ya ce ba za a bi shi ba sai bayan jarrabawar ƙarshe. Tabon yana yin fari in an daɗe ana busa. A makaranta an samu ƙarin bakuna, kowane mai kaho yana da nasa da sunansa a littafi, an jefar da waɗanda tagullarsu ta leƙo, kuma sabon shiga yana yin makon farko gaban madubi. Hutun minti goma a tsakiyar atisaye ya shiga Litinin zuwa Laraba. Atisayen Alhamis har yanzu awa biyu ne a jere, don malamin ya ce ranar fareti babu mai ba yara hutu, kuma muna kan tattauna wannan da shi da shugaban makaranta.